Mai Kaset Biyu na Shata da Waƙoƙin da Bai Taɓa Nema Ba

Akwai wata ɗabi'a ta masu sauraron waƙa da ta daɗe tana ɗaure mini kai. Za ka ga mutum yana son mawaƙi so na haƙiƙa. Ya haddace ɗiyan waƙarsa, wato baitocinta, ya san inda 'yan amshi ke karɓa, ya san gaɓar da kalangu ke sauya sauti, kuma in aka taɓa mawaƙin a majalisa shi ne farkon mai tayar da jijiyar wuya. Amma da za ka duba abin da ya mallaka na mawaƙin nan, kaset ɗaya ne ko biyu. In ma ya koma waya, waƙoƙin da ke cikin memorinsa su ne dai na cikin kaset ɗin can, babu ƙari. Alhali mawaƙin ya bar wasu masu ɗimbin yawa, ba a ɓoye suke ba, mutumin kuma ya san da su. Bai dai taɓa tashi ya neme su ba.

A Kaduna ba sai ka wahala wajen neman irin wannan mutum ba. Yana cikin direbobin da ke lodi a tashar Kawo, yana cikin telolin Kasuwar Barci, yana cikin tsofaffin ma'aikatan da suka yi ritaya suka zauna a Unguwar Rimi ko Malali. Ka ce da dattijo, "Baba, ai Shata yana da waƙoƙi da yawa bayan waɗannan," amsar da za ka fi ji ita ce, "Na sani, yaro. Waɗannan ɗin ma sun ishe ni." Abin kuma bai tsaya kan tsofaffi ba. Matashin da ya tashi a Rigasa da albam ɗaya na Umar M. Shareef ko Nura M. Inuwa a wayarsa, sau da yawa yana nan a kan wannan albam ɗin, duk da cewa mawaƙin ya fitar da wasu a bayansa.

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce rashin kuɗi da rashin samu. Tana da gaskiyarta a da. Zamanin faifan garmaho gidaje ƙalilan ne ke da na'urar, zamanin kaset kuma sai abin da mai shago ya ajiye. Amma yau mai tura waƙa a bakin Kasuwar Sheikh Gumi zai cika maka memori da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, YouTube da Audiomack suna cikin aljihun kowa, ɗabi'ar kuwa tana nan daram. Ke nan dalilin ya wuce aljihu.

Sai an fara duba yadda kaset ɗin ya samu tun asali. Makaɗan baka ba su yi waƙa don a jera ta a faifai ba. Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923 ya rasu a 1999, waƙarsa ta wurin taro ce: biki, naɗin sarauta, ajo, wasa a otal ko a fili. Wanda ke gabansa yake yi wa, yana saka sunan wanda ya shigo, yana tsawaitawa in wuri ya yi daɗi, yana taƙaitawa in bai yi ba. Haka Musa Ɗanƙwairo da kotsonsa a fada, haka Ɗan Anace a filin dambe, haka Barmani Choge da ƙwaryarta cikin mata a gidan biki. Abin da ya iso hannunmu ya biyo ta hanyoyi dabam-dabam. Wani ɗaukar kamfani ce, irin faya-fayen da EMI ya buga. Wani ɗaukar gidan rediyo ce, kuma a nan Kaduna tana da babban matsayi, domin gidan rediyon da aka kafa a 1962 da sunan BCNN, wanda ya koma ƙarƙashin Rediyon Tarayya a 1978, ya ɗauki makaɗan Arewa masu yawa ya watsa muryoyinsu har ƙasashen maƙwabta. Wani kuwa mutum ne kawai ya ajiye rikodarsa kusa da makaɗa a wurin biki, ko ya danna ta lokacin da ake shirin Zaɓi Sonka a rediyo, har muryar mai gabatarwa ta shiga ciki.

Daga nan aikin ya faɗa hannun mai shagon kaset. Shi ke da na'urar kwafi, shi ke da kaset mai minti 60 da mai minti 90, shi kuma ke yanke abin da zai shiga kowane gefe. Gefe ɗaya na mai minti 60 rabin awa ne. In waƙa ta ci minti ashirin sai ya nemo gajera ya cike gurbin, in ta zarce kuma zare ya ƙare a tsakiyar ɗa. Ya san abin da direbobi ke tambaya, ya san abin da ke tafiya, shi zai yi ta bugawa. Saboda haka wanda ya ce yana da kaset biyu na Shata, zaɓin wani ɗan kasuwa ne a hannunsa, wanda ya tsinto gwargwadon abin da zare zai ɗauka da abin da ciniki zai karɓa.

Akwai bambanci tsakanin wannan da mawaƙin da ya shiga situdiyo da niyyar gina faifai guda, ya jera waƙoƙinsa da kansa. Da yawa daga faya-fayen Fela Kuti waƙa ɗaya ce ko biyu masu tsawo, kowace ta cinye gefe guda, kowane faifai kuma yana magana kan abin da ke faruwa a ƙasa a lokacin da ya fito. Mai faifai ɗaya na Fela ya san akwai na gaba da na baya, ga suna ga shekara. Mai kaset ɗin makaɗin baka ba shi da wannan alamar. Babu shekara a jikin kwalin, babu jeri, babu abin da zai nuna masa ga inda ya tsaya ga abin da ya rage. Bai ga giɓi ba balle ya nemi cike shi.

Sai wani abu da na ɗauka shi ne zuciyar lamarin. Waƙar baka ba ta da siffa guda tabbatacciya. Gindinta, wato amshin da ake maimaitawa, yana nan, amma ɗiyanta suna sauyawa daga wannan zama zuwa wancan. Bakandamiyar Shata ita ce shaida mafi kusa: ya yi ta a wurare da yawa cikin shekaru masu yawa, yana ƙara ɗa a nan yana ajiye wani a can. Wanda ya tashi da ɗauka ɗaya, ita kunnensa ya riƙe a matsayin waƙar. Ya san inda Shata ya ja numfashi, inda wata ta rangaɗa guɗa daga nesa, har inda zaren ya ɗan lauye sauti ya karkace. Ranar da aka kunna masa wata ɗaukar, ko da ta fi tasa tsabta da cika, sai ka ga ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan ba ita ba ce." Ita ce mana, sai dai ba tasa ba ce. Ga irin wannan mutum, ƙarin kaset yana iya dagula masa wanda yake da shi. Zai fara jin cewa ɗan da ya fi so a waƙar ashe na rana ɗaya ne, an yi shi ne don wani baƙo da ya shigo wurin, washegari ma mawaƙin bai sake bi ta kansa ba. Ba kowa ke son ya san haka ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa yawan maimaita abu yana sa a ƙara son sa, Robert Zajonc ya yi fitaccen rubutu a kan haka a 1968. Kaset a mota ko a shago kuwa maimaici ne tsantsa: ya ƙare a juya, ya ƙare a sake juyawa, daga Kaduna har Zariya har a dawo. Sabuwar waƙa ba ta da wannan gatan. Tana zuwa baƙuwa, a saurare ta sau ɗaya, a gwada ta da wadda aka ji sau ba adadi, ta faɗi tun ba a ba ta lokacin da aka ba ta farkon ba. Lokacin nan kuwa shi ne abin da babba ya rasa. Saurayi yana iya kwana da kaset. Magidanci mai neman na cefane da kuɗin makaranta, in ya samu rabin awa, abin da ya tabbatar zai sanyaya masa rai shi zai kunna. Ga kuma abin da waƙar ta kwaso daga rayuwar mai ita. Kaset ɗin da aka saya da albashin farko a masaƙun Kakuri, lokacin da injuna ke aiki dare da rana, ko wanda aka yi ta kunnawa a makon aure, yana ɗauke da waɗannan ranaku. Sauran waƙoƙin mawaƙin, komai kyansu, ba su halarci ranakun ba.

Akwai dalilin da ba a cika faɗa a fili ba, amma duk wanda ya zauna a garin nan ya san shi. Mutane da yawa sun rage sauraron kiɗa ko sun bari saboda addini, bayan sun zurfafa a karatu, ko sun dawo daga aikin Hajji, ko girma ya zo. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin kiɗa, wa'azi a kansa kuma ya yi ƙarfi a Arewa tun daga ƙarshen shekarun 1970. Irin wannan mutum ba zai je ya sayi sabon kaset ba, domin saye sabuwar niyya ce. Amma bai jefar da tsohon ba. Yana cikin durowa, ko a wata kusurwa ta waya, a kan saurare shi jefi-jefi, musamman in waƙar ta noma ce ko ta gargaɗi irin na Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa. Tarin nasa ya tsaya ne a ranar da ya ja wa kansa layi, son kuwa bai mutu ba.

A wajen mawaƙan zamani, wani lokaci mawaƙin ne da kansa yake barin mai sauraro a baya. Wanda aka so shi da waƙar soyayya ya koma waƙar siyasa, inda kuɗin ya koma tun da satar fasaha da tura waƙa a memori suka kashe cinikin faifai. A kakar zaɓen 2015 da 2019 da 2023 mun ga masoya suna juya wa mawaƙi baya saboda ya waƙe ɗan takarar da ba nasu ba, ko ya zagi wanda ya yaba jiya. Sai mai sauraro ya ƙanƙame albam ɗin da ya gabaci sauyin, ya ce shi wancan mawaƙin ya sani. Wani lokaci kuma sauti ne ya sauya, an gyara murya da kwamfuta har ta daina kama da ta mai ita.

Duk waɗannan dalilai ne na gaskiya, kuma ban ga laifin wanda ya tsaya a kaset biyu ba. Wanda ya san waƙa goma ciki da bai ya fi kusa da mawaƙin a kan wanda ya tara dubu a kwamfuta bai taɓa sauraron ɗaya har ƙarshe ba. Inda nake da ja shi ne lokacin da mai kaset biyu ya yanke wa mawaƙin hukunci gaba ɗayansa. Wanda kasonsa na Shata ya faɗo kan waƙar shan ruwa da makamantanta zai rantse maka Shata mawaƙin mashaya ne. Wanda nasa ya faɗo kan na sarakuna da attajirai zai ce maroƙi ne kawai mai bin masu hannu da shuni. Dukansu ba su ji mutumin da ya yi wa Annabi waƙa ba, ya yi wa noma, ya yi wa direbobi, ya yi wa sojoji lokacin yaƙin basasa, har ya waƙe kumbon Apollo 11 da ya kai ɗan Adam duniyar wata a 1969. Jami'ar Ahmadu Bello da ta ba shi digirin girmamawa a 1988 faɗin aikin ta duba. Ɗanƙwairo ma haka: an fi saninsa da waƙar Sardauna da na sarakuna, kaɗan ne suka san cewa da kiɗan noma ya fara. Irin wannan hukunci yana yi mini ciwo, domin mutumin da aka yanke wa ba ya nan balle ya kare kansa, waƙoƙin da za su kare shi kuma su ne ba a saurara ba.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Bob Marley ya rasu a 1981, a 1984 kamfaninsa ya tattara wasu waƙoƙinsa a faifai guda mai suna Legend, wanda ya zama faifan rege da aka fi saye a duniya. Ga miliyoyin mutane, har da masu son rege a Barnawa da Sabon Tasha da Tudun Wada, shi ne Bob Marley ɗin kacokan. An daɗe ana sukar zaɓin da cewa ya karkata ga waƙoƙin soyayya da masu sanyi, ya rage kaifin mutumin da ya yi ta waƙa kan zalunci da 'yancin Afirka. Wanda ya yi zaɓin yana da kasuwar da yake hari, yadda mai shagon kaset ɗinmu yake da tasa.

Abin da ya fi damuna ya wuce mutum ɗaya. Da a ce kowa yana da nasa biyun dabam da na maƙwabcinsa, da asarar kaɗan ce, domin in aka haɗa na gari guda za a samu mawaƙin kusan cikakke. A zamanin kaset akwai ɗan wannan, saboda mai shagon Tudun Wada da na Funtuwa da na Gusau ba lallai zaɓinsu ya zo ɗaya ba. Yanzu kuwa biyun kowa suna komawa iri ɗaya. Mai tura waƙa ya kwafo nasa daga wani mai turawa, shi ma daga wani, tari guda ne ke yawo daga waya zuwa waya ta Xender da WhatsApp. Manhajojin sauraro irin su Boomplay da Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021, in ka buɗe shafin mawaƙi waƙoƙin da aka fi saurare suke sa maka a sama, kai ma ka danna su, su ƙara hawa. TikTok ya ƙara matse abin, ya mayar da waƙa sakan ashirin ko talatin ɗin da ake rawa da su. Gidajen rediyo ma abin da aka roƙa suke sawa, mai roƙo kuma abin da ya taɓa ji yake roƙa. Waƙar da ba ta shiga wannan da'ira ba, babu wanda ya hana ta, babu wanda ya ƙi ta, kawai ba a kiranta har a manta da ita.

Ga mawaƙin da ke raye abin yana da nasa zafin. Ya hau dandamali da sabon aikin da ya hana idonsa barci a kansa, jama'a suna ihu su dai tsohuwar nan suke so. In ya biye musu ya yi ta maimaita salon da ya karɓu, a ce ya ƙare. In ya sauya, a ce ya lalace. Da yawansu sun daina wahalar haɗa albam sun koma sakin waƙa ɗai-ɗai, wani babban kaso na aikinsu kuma waƙar ango da amarya ce da ta 'yan siyasa, wadda ake yi don mutum ɗaya ta ƙare a wayoyin dangi da magoya baya. Ta wannan fuskar sun koma inda makaɗan baka suka fito: aikin yana warwatse a hannun waɗanda aka yi wa, babu jerin da mai nema zai bi.

Masu bincike sun yi ƙoƙari. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗa da rubuta waƙoƙinsu, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa kuma sun fitar da littafin tarihin Shata a 2006. Sai dai takarda ba ta ɗaukar sautin kalangu. Sautin yana jikin zare, zare kuwa ba ya shiri da zafi da laima da ƙura, ga shi daminar Kaduna ba ta wasa ba ce. A nan ne mai kaset biyu yake da muhimmancin da bai sani ba. Ba duka nasu ne kwafin kasuwa ba. A cikinsu akwai wanda nasa ɗaukar bikin gidansu ce, ko ta wani wasa da aka yi a garin nan shekaru aru-aru, wadda ba ta taɓa shiga shago ba, ba ta kuma cikin tarin masu turawa. Shi yana ganin abin da kowa ke da shi ne. Ranar da ta Allah ta kasance, 'ya'ya suna rabon gado babu wanda zai ce a ba shi kaset, babu ma rikodar da za a kunna shi a gidan.

Juyar da kaset zuwa kwamfuta ba aiki ne mai wuya ba. Rikoda mai lafiya ake buƙata, da igiyar da za ta haɗa su, da manhajar ɗaukar sauti irin Audacity wadda kyauta ce. Abin da ya fi wuyar samu shi ne bayanin da ke cikin kan mai kaset ɗin: a ina aka ɗauka, bikin wa, wace shekara, wa ke riƙe da kalangu, su wane ne aka ambata a ciki. Da yawa daga tsofaffin waƙoƙin da ake ɗorawa a YouTube suna zuwa ne babu ko ɗaya daga cikin wannan, wani lokaci ma da sunan da ba na waƙar ba. Wanda zai yi aikin sai ya fara zama da dattijon tukuna, a kunna tare, yana faɗa ana rubutawa, kafin a taɓa kwamfuta.